Makarantun gwamnati na Gwinnett: yadda suka girma da abin dubawa kafin a kama haya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki cewa za ku taso yankin Atlanta da yara, kowa yana ce muku ku nemi gida a gundumar Gwinnett saboda makarantunta na gwamnati, kina son sanin yadda aka yi suka yi wannan suna, da kuma ko sunan kaɗai ya isa a dogara da shi. Allah ya kawo ku lafiya. A nan 'ya'yana suka yi karatu tun daga firamare, don haka bari in ba ki abin da na sani, ki yi haƙuri da tsawon bayanin.

Shawarar da aka ba ku tana kan hanya, sai dai ba ta cika ba. Hukumar makarantun Gwinnett tana riƙe da makarantu wajen 140 da ɗalibai kusan 180,000, babu wadda ta kai ta girma a duk jihar Jojiya. Abin da ya kai wannan girman ba a yi masa kuɗin goro. Kuma ba ke za ki zaɓa wa yaro makaranta ba, adireshin gidan da kuka kama shi zai zaɓa masa. Dalilin da ya sa makarantar wannan unguwa ta bambanta da ta waccan kuwa yana cikin tarihin wurin.

A ƙidayar 1960 mutanen gundumar gaba ɗaya ba su kai 44,000 ba. Ƙauye ne, gonaki da kiwon kaji, da 'yan garuruwa a bakin layin dogo irin su Norcross da Duluth da Buford. A ƙarshen shekarun 1950 ne aka tattara ƙananan makarantun ƙauyuka aka gina manyan sakandare irin su Central Gwinnett da South Gwinnett da North Gwinnett, waɗanda har yau suna nan da sunayensu. A lokacin baƙar fata ba sa shiga waɗannan makarantu. Tasu ita ce Hooper-Renwick da ke Lawrenceville, can ake kwaso yara daga sassan gundumar. Kotun ƙolin Amurka ta haramta wariyar launin fata a makarantu tun 1954, amma sai a 1968 aka rufe Hooper-Renwick aka haɗe yaran. Shekara goma sha huɗu ke nan ana jan ƙafa. Ina son 'ya'yanmu su san wannan, domin kujerar da suke zama a kai a yau wasu ne suka sha wahala kafin a samu. Daga baya tsofaffin ɗaliban makarantar suka tsaya kai da fata har aka amince a adana ginin a mayar da shi ɗakin karatu da tarihi.

Abin da ya sauya wurin, ruwa ne da hanya. A 1956 aka kammala madatsar ruwa ta Buford a kan kogin Chattahoochee, aka samu tafkin Lanier, wanda daga shi muke shan ruwa har gobe. A shekarun 1960 kuma babbar hanyar I-85 ta ratsa gundumar, sai ya zama mutum zai iya kwana a nan ya yi aiki a Atlanta, kamar dai yadda Mararaba da Nyanya suka cika da masu aiki a Abuja. Kamfanoni suka biyo baya, musamman a yankin Norcross da Peachtree Corners. Akwai kuma wani dalili da ba a cika son faɗa ba: da yawa daga cikin waɗanda suka fara tasowa fararen fata ne da suka bar cikin Atlanta da gundumar DeKalb a daidai lokacin da ake haɗe makarantun can. Dubi yadda adadin ya riƙa ninkawa: wajen 72,000 a 1970, kusan 167,000 a 1980, sama da 350,000 a 1990, kusan 590,000 a 2000, sannan 957,000 a ƙidayar 2020. A shekarun 1980 Gwinnett tana cikin gundumomin da suka fi saurin cika a duk Amurka.

Idan kika bi shekarun da aka buɗe manyan sakandare, za ki ga yadda jama'a suka riƙa gusawa. Parkview a Lilburn 1976, Brookwood a Snellville 1981, duk a ɓangaren da ya fi kusa da Atlanta. Sai Collins Hill 1994, Mill Creek 2004, Archer da Mountain View 2009, Seckinger 2022, kullum ana ƙara nausawa gabas da arewa inda sauran fili yake. Masu gine-gine su sare daji su jera gidaje ɗaruruwa, kafin shekara biyu makarantar da ke kusa ta cika ta batse.

Na ga wannan da idona. Akwai shekarar da babbar 'yata ta yi karatu a ajin wucin gadi, irin na kwantena da ake jerawa a bayan makaranta. Matakalar katako ce ake hawa, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi a jikin bango, in ana ruwa kuma sai yara su sheƙa a guje zuwa babban gini in za su ci abinci. Malamar ta liƙa zanen yara a ko'ina har ba a ganin bangon, kuma wallahi ta koyar da su yadda ya kamata. A wancan lokacin da wuya ki ga makaranta a nan babu irin waɗannan azuzuwa a bayanta, domin gini ba ya cim ma haihuwa da ƙaura.

Da me aka yi ginin? Wannan shi ne ya fi burge ni a tsarin. Kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wato albashin malamai da sauransu, yana fitowa ne mafi yawa daga kason gwamnatin jiha da kuma harajin gidaje da filaye na gundumar, sai ɗan kaso daga gwamnatin tarayya. Ko haya kike yi kina biya, mai gida ya riga ya saka shi a cikin kuɗin hayar. Amma na gini daban ne. A 1996 aka gyara tsarin mulkin jihar aka ba gundumomi damar ɗora harajin santi ɗaya a kan kowace dala ta sayayya domin gina makarantu, da sharaɗin sai jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuma wa'adinsa ba ya wuce shekara biyar sai an sake tambayarsu. Mutanen Gwinnett suka amince a 1997, suka ci gaba da sabunta shi. Ba a biyan albashi da shi, sai gini da gyara da kayan aiki. Gundumar kuma cike take da manyan kantuna, har baƙon da ya tsaya ya yi sayayya ya wuce ya sa hannu a ginin ajin ɗanki. Kasafin hukumar ya haura dala biliyan 3 a shekara, kuma babu mai yawan ma'aikatanta a duk gundumar.

Sunan da kika ji ana yabo, yawancinsa an gina shi ne a zamanin J. Alvin Wilbanks, wanda ya shugabanci makarantun daga 1996 zuwa 2021. Shekara ashirin da biyar a kujerar da a wasu manyan gundumomi ba a daɗewa a kanta. A zamaninsa aka tsayar da manhaja guda wadda ta fayyace abin da yaro zai sani a kowane aji, ko a wace unguwa yake. Hukumar ta ci kyautar Broad a 2010, ta sake ci a 2014 tare da gundumar Orange ta Florida, kyautar da ake ba manyan hukumomin makarantu da suka rage tazarar da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali. Abin lura, an samu wannan ne a lokacin da fuskar gundumar take sauyawa gaba ɗaya. A 1990 kusan tara cikin goma na mazauna fararen fata ne, zuwa 2010 ba su kai rabi ba. Yau a cikin ɗalibai, 'yan asalin Latin Amurka da baƙar fata kowanne ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, fararen fata ba su kai ɗaya cikin biyar ba, ga 'yan Koriya da Biyetnam da Indiya, ga mu 'yan Afirka ta Yamma. Ɗanki ba zai zama shi kaɗai mai baƙon suna a aji ba, 'yarki ma ba ita kaɗai za ta sa hijabi ba.

Sai dai shugabancin ya daɗe bai bi wannan sauyi ba. Mutum biyar ne ake zaɓa su zama kwamitin da ke kula da makarantun, kuma sai a 2018 aka zaɓi baƙar fata na farko a cikinsu, Everton Blair. Iyaye da dama sun daɗe suna kukan cewa an fi dakatar da yara baƙar fata daga makaranta a kan laifin da wasu ake yi musu gargaɗi. A 2021 sabon kwamiti ya kawo ƙarshen aikin Wilbanks da ƙuri'a uku da biyu, aka kawo Calvin Watts, shi ma a 2025 aka sallame shi. A ganina kukan iyayen yana da tushe, amma yawan sauya shugaba shi ma ba alheri ba ne ga malamai da yara. Na faɗa miki ne don ki san cewa wanda yake ba ki labarin Gwinnett ta 2010 ba lallai yana ba ki labarin ta yau ba.

To, ga abin da ya shafe ki kai tsaye. An kasa makarantun rukuni-rukuni: kowace babbar sakandare tana da ƙananan sakandare da firamaren da ke tura mata ɗalibai. Gidan da kuka kama shi ya sa ku a rukuni, daga nan yaro zai bi layi har ya gama. Tsofaffin unguwannin da ke bakin I-85 wajen Norcross da Lilburn sun fi yawan gidajen haya na bene da sababbin zuwa, haya ta fi sauƙi, makarantunsu kuma sun fi gogewa da yaron da bai iya Turanci ba, amma yara suna yawan shiga da fita a tsakiyar shekara. Can wajen Suwanee da Dacula gidaje sun fi sabunta, sakamakon jarrabawa ya fi yawa a takarda, haya ta fi tsada, tafiya wurin aiki kuma ta fi nisa. Kada makin da kike gani a shafukan dillalan gidaje ya ruɗe ki, sau da yawa aljihun iyayen unguwar yake aunawa fiye da ƙwazon malamai. Gani ya kori ji: ki kira ofishin makarantar ki nemi izinin zuwa, ki tambayi yawan yara a aji, ki tambayi shekarun da shugabar ta yi a wurin, ki ga yadda mai karɓar baƙi za ta amsa miki da ta ji lafazinki.

Ki kuma kula da sunan garin da ke jikin adireshi. Akwai gidajen da ake rubuta musu Suwanee amma suna cikin gundumar Forsyth ko Fulton, Loganville kuma wani sashenta na Walton ne. Garin Buford yana da tasa hukumar makarantu daban. Kafin maigida ya sa hannu a takardar haya, ku shigar da cikakken adireshin a shafin hukumar, zai nuna muku makarantu ukun da gidan yake bi. Ko hakan ma ba dawwamamme ba ne, duk sanda aka buɗe sabuwar makaranta sai an sake shata iyaka. Na halarci irin wannan zama a ɗakin cin abincin makaranta, an kafe manyan taswirori, iyaye sun yi cirko-cirko kowa yana laluben layinsa da yatsa ya ga ko an tsallakar da shi. In kika ji ana gini a kusa, ki tambaya tun da wuri.

Lokacin shiga aji ma zai shafi tsarin gidanki. Motocin makaranta sawu uku suke yi, saboda haka 'yan babbar sakandare suna farawa wajen ƙarfe bakwai, 'yan firamare bayan takwas, 'yan ƙaramar sakandare sai bayan tara. Da sanyin hunturu, ana idar da sallar asuba babban yaro zai fita bakin titi cikin duhu da jakarsa. Mota kuma dole ce gare ku, domin mutanen gundumar sun ƙi amincewa da shigowar jirgin ƙasan birnin Atlanta, wato MARTA, a 1971 da 1990 da 2019.

Wajen rajista za a nemi takardar haihuwa, da takardar haya da ta kuɗin wuta ko ruwa don tabbatar da adireshi, da fom 3231 na rigakafi da fom 3300 na gwajin ido da kunne da haƙori. Ki taho da katin rigakafinsu na gida, asibitin gunduma zai duba ya cike abin da ya rage. Ki taho da sakamakon karatunsu mai hatimi, musamman wanda ya shiga sakandare, don kada a sa shi maimaita darasin da ya riga ya ci. Ba a hana yaro karatu saboda takardun zaman iyayensa, kotun ƙoli ta yanke wannan tun 1982. Ranar sallah kuwa ki rubuta wa makaranta takarda, dokar jihar ta amince da fashi saboda bikin addini. Zangon karatu yana farawa ne a farkon watan Agusta, don haka in da hali ku kama gida kafin ƙarshen Yuli. In kun samu adireshi biyu ko uku da kuke dubawa, ki turo mini ta akwatin saƙo mu duba rukuninsu tare.