Tafiya Kwatano, Lome da Gana da iyali: shin in karɓi katin shawara ba tare da allura ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Na daɗe ina yi wa iyalina alkawarin kai su yawon buɗe ido, to bana na ƙudura mu bi ta mota a hutun Disamba: Kwatano, Lome, har Gana mu ga gidajen bayin nan na bakin teku. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku, mai shekara 11, mai shekara 6 da jaririya 'yar wata 7 da ke shan nono. Saura mako uku. Wani a tasha ya ce in kawo fasfo da kuɗi, zai fito mana da yalo kad, wato katin shaidar rigakafin zazzaɓin shawara, a yini ɗaya ba sai an yi wa kowa allura ba, wai kowa haka yake yi. Hajiyata kuma ta ce shawara ai sassaƙe ne maganinta. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, musamman saboda jaririyar. Me zan yi, kuma ina ya kamata mu tsaya a hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin kwanciyar hankalin nan naka ya fi mutumin tasha gaskiya. Bari mu fara da hanya, don ita ce mai sauƙi.

Daga Legas zuwa Akra, wadda Hausawan can ke ce wa Ankara, bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake cinyewa saboda shingayen hanyar Badagry da iyakoki uku: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda ke manne da birnin Lome. Da ƙananan yara kada ka yi ta a zama ɗaya. Ka fito da asuba ta Mile 2, ka kwana biyu a Kwatano kusa da unguwar Zongo, inda za ka samu masallaci da tuwo da 'yan canji masu jin Hausa. Rana ɗaya ka ba Ganvie, garin da aka kafa a kan turaku cikin tafkin Nokwe. Daga Abome-Kalabi ake hawa kwalekwale, kuma a ƙare ciniki da mai jirgi a tudu, a ga rigar ruwa ta kowane yaro kafin a tura. Wida tana kan hanyarka ta Togo, akwai hanyar bayi mai wajen kilomita 4 da ta ƙare a ƙofar tunawa da bayin da aka fitar, wadda ke bakin teku. Lome kwana ɗaya ya ishe ta. Kana shiga Togo ka mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokutan salla ma sai ka bi na gari. Sefa ce a Benin da Togo, sidi a Gana.

A Akra ku yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, ku ci abinci a Nima, amma ainihin abin da ka fito nema yana wajen kilomita 150 yamma da birnin. Gidan Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na Cape Coast yana kusa, safiya ɗaya ta isa a ga duka biyun in an sammaka. Kurkukun ƙarƙashin ƙasa akwai duhu da zafi da wari, mai shekara 6 zai iya tsorata, a shirya masa tun a mota. Disamba kuma lokacin tsada ne a Gana, tun 2019 baƙaƙen Amurka da Turai ke cika masaukai a watan, don haka a kama ɗaki tun daga gida.

Takardu kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, amma biza kawai ta ɗauke maka. Kowa sai da fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, har jaririyar. Katin zaɓe da takardar NIN ba sa ƙetare iyaka. Duk wanda ya ce ka hau acaɓa ya zagaya da kai ta daji, ka ƙi: in babu hatimin shiga Benin a fasfonka, a Hilakonji za ka yi bayanin yadda aka yi ka faɗo daga sama.

Yanzu ga maganar katin, kuma a nan zan daɗe, domin babu makon da wannan tambaya ba ta zuwa. Kuskuren da ke cin mutane shi ne ɗaukar katin a matsayin takardar wucewa kamar rasidin kwastan, abin da ake nuna wa mai kaki a wuce. Katin shaida ce kawai cewa akwai abu a cikin jininka. Mutumin tasha zai iya sayar maka da shaidar, abin da ke cikin jinin kuwa ba shi da shi. Sauro ba ya karatu, Alhaji. Ba zai buɗe fasfo ya duba hatimi ba kafin ya sauka a wuyan ɗanka.

Rabin matsalar daga sunan take. Mu Hausawa duk abin da ya mayar da ido rawaya shawara muke ce masa: ta jarirai, ta ciwon hanta, ta masu sikila, har wadda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ke kawowa. Da yawansu sukan lafa da kansu, sai a ce sassaƙen ne ya yi aiki, daga nan mai lasifika a bakin kasuwa ya samu abin tallarsa. Da girmamawa ga Hajiya, wadda take nufi daban, wadda ake yi wa kati daban. Zazzaɓin shawara ƙwayar cuta ce da wani sauro mai zanen fari a ƙafa ke ɗauka, kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauron da ka dogara da shi da dare bai rufe wannan ƙofa ba. Bayan cizo da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya, amai. Kwana uku ko huɗu sai mutum ya ji sauƙi, ya tashi ya ci abinci, 'yan uwa su yi hamdala. Yawanci nan take ƙarewa. Amma wasu cikin yini guda sai ta dawo ta kama hanta da ƙoda, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, jini ya riƙa fita ta baki da hanci, amai ya koma baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, a asibitin Bature ko a ƙwaryar mai magani. Abin da likita ke yi shi ne tallafar jiki da ruwa da jini har Allah ya kawo sauƙi. Shi kuwa jiƙon da ba a san ma'auninsa ba, a ɗura wa hantar da ta riga ta jigata, ƙarin kaya ne a kan jakin da ya durƙusa.

Kada kuma a ce cutar zamanin kakanni ce. Ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga jihar Kwara. A 2019 ta tashi a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta Bauchi, kuma cikin waɗanda ta kama har da masu yawon buɗe ido da suka je Yankari, wato mutane irinka da suka fita shaƙatawa. Gana ta yi tata a ƙarshen 2021 a yankin Savannah, mafi yawa cikin makiyayan da ba a yi wa rigakafi ba. Kai kuma in ka je Cape Coast ba za ka dawo ba ka kai yara dajin Kakum ba, inda gadojin igiya bakwai ke rataye a saman bishiyoyi. Kurmi ne mai birai, kuma tsakanin biri da sauro cutar ke zama a daji.

Abin haushin shi ne arahar abin da ake gudu. Allura ɗaya ce tak a dantse. Tun 11 ga Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce shaidarta ta har abada ce, maganar sabuntawa duk shekara goma ta wuce, duk jami'in da ya ce maka katinka na gaske ya ƙare ko dai bai sani ba ko yana neman na goro. Sharaɗi ɗaya ne: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, domin lokacin ne jiki ke gama haɗa garkuwa. Shi ya sa masu tsayawa a Seme ranar tafiya a yi musu allura su ce sun gama, su ma da sauransu. Tun 2019 katin na kwamfuta ne. Za ka yi rajista a shafin intanet na Port Health, wato sashen lafiya na gwamnati mai kula da mashigan ƙasa, da lambar fasfo, ka biya kuɗin, ka buga rasidi, ka tafi ofishinsu da fasfon, akwai a wajen filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Ka duba sunanka da lambar fasfo sun yi daidai harafi da harafi, ka ga an rubuta ranar allura da lambar kwalbar maganin, da sa hannu da hatimi. Na san akwai layi, na san shafin yakan ƙi buɗewa, kuma wannan jan ƙafar ta hukuma ita ce gonar da 'yan ciku-ciku ke nomawa a bakin ƙofa. Laifin hukuma ne, amma ba jikin hukuma sauro zai ciza ba. Ka ba abin safiya ɗaya.

Ta fuskar doka ma araha ba ta ado. Lambar da ke jikin katin ana haska ta a ga ko sunanka na cikin rumbu. A Maris 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kan zargin katin boge, sai da ƙasashen biyu suka yi ta kai ruwa rana. Tun daga nan duk mai koren fasfo ake yi wa katinsa kallon tuhuma, har wanda ya miƙa dantsensa da gaskiya. Kowane katin da aka saya a tasha, wani bawan Allah ne zai biya kuɗinsa da tsayuwa a boda.

To ga gidanka mutum-mutum. Kai, in an yi maka ta gaske lokacin aikin Hajji, ka nemo shaidar ka je da ita. In ba ka tuna an soka maka komai ba, ka ɗauka ba a yi ba. Manyan yaran biyu ka nemo katinsu na awo, domin tun 2004 allurar na cikin rigakafin da ake yi wa yara a wata tara, ma'aikatan za su duba su ga ko an yi. Jaririya 'yar wata 7 ba a yi mata, kuma ƙasashen nan daga wata tara suke neman kati. Ka lura da wannan: katin boge mai cewa an yi wa 'yar wata bakwai allura, shi da kansa yake tona kansa. Uwargida ita ce mai wuyar sha'ani. In an taɓa yi mata, shi ke nan. In ba a taɓa ba, mai shayar da jariri ƙasa da wata tara ana ɗage mata, sai in tafiyar ta zama dole, domin ƙwayar allurar mai rai ce da aka raunana, tana iya bi ta nono. Haka mai juna biyu, da wanda ƙwai ke tayar wa da borin jini mai tsanani, da mai raunin garkuwar jiki, wanda ya haura 60 kuma sai likita ya auna. Irin waɗannan takardar uzuri likita ke rubuta musu, amma takardar uzuri ma ba ta korar sauro.

Yawon buɗe ido ba dole ba ne, Alhaji. Ana cewa komai na Allah ne, gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma mai gida makiyayi ne da za a tambaya a kan abin da aka ba shi kiwo. Yaro mai shekara shida bai san kati ba, bai san tasha ba, abin da ya sani Baba ya ce an shirya komai. Sayen takardar ƙarya algus ne, wannan karon kuma kan 'ya'yanka algus ɗin zai sauka.

Shawarata, ko dai ka tafi da manyan yaran biyu a Disamba, ku je Port Health cikin makon nan don kwana goman su cika da rara, ko ku jira jaririya ta cika wata tara a yi mata tare da uwarta, ku tafi gaba ɗaya a dogon hutun Agusta, lokacin da ruwa ke tsagaitawa a gaɓar Gana, gari ya yi sanyi, masauki ya sauko. Kowanne ka zaɓa, a tafi da man korar sauro da riguna masu dogon hannu, kuma allurar ba ruwanta da maleriya. Duk wanda ya yi zazzaɓi a hanya ko bayan an dawo, a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen don suna ƙara zubar jini, a kai shi asibiti ranar, a faɗa wa likita garuruwan da aka bi da ranar da aka shiga daji.