Na'urar fassara ta kunne: a saya ko a dakata?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya, Maradi. Ina shirin zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya, sai aka tallata mini wani abin sawa a kunne mai fassara magana nan take. Zai wadatar, in haƙura da tafinta?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Aiki uku na'urar take yi a jere: ta ji magana ta mayar da ita rubutu, ta fassara rubutun, sannan ta karanta maka a kunne. A yawancinsu salularka da intanet ke ɗaukar nauyin aikin. Da rezo ya yanke, sai shiru, sai dai harsunan da ka sauke tun daga gida.

A matakin farko Hausa take shan wuya. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma fassarar rubutu daban, jin bakin mutum daban. Kada yawan harsunan da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Ka sa mai shago ya buɗe, ka gwada ta cikin hayaniyar kasuwa, da Hausarka ta Maradi yadda kake yin ta. In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka. In kuwa kana jin Faransanci, yi amfani da shi, don na'urorin sun fi ƙwarewa a kansa nesa ba kusa ba. Ka kuma tambayi manhajar da take bi, domin an toshe ayyukan Google a ƙasar Sin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafi. Dalarmu ta sefa biyar ce, na'ura kuwa dalar Amurka za ta ɗauka. Farashi da adadin kwali, a buga su a kalkuleta kowa ya gani da idonsa. Gaisuwa, cin abinci da tambayar hanya, na'ura ta isa. Ranar biyan kafin alƙalami kuwa, nemi tafinta amintacce.

Tambaya daga wata ƴar'uwa: Zan saya wa mahaifiyata, za ta Umara. Ya dace?

Amsa: Allah ya yi miki albarka, ƴar'uwa, amma ban ba ki shawara ba. Sai an haɗa na'urar da salula, ana lura da caji, ga cunkoson Harami. Rubuta wa Hajiya sunan masaukinta da lambar jagoran ayarinsu a kati da Larabci, ta rataya a wuya.