Filin Tambaya: Ganyen rododendirona ya koma rawaya, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar West Virginia ta Amurka, kuma akwai ɗan kurmi a bayan gidanmu. Shekara biyu ke nan da na dasa rododendiron, wani ƙaramin itacen fure na ado, a inuwar itatuwan. Da hunturu sai ganyensa ya naɗe ya langaɓe kamar ya mutu, yanzu kuma sabon ganyen ya yi rawaya-rawaya, ga shi ko sau ɗaya bai taɓa yin fure ba. Ina zuba masa tokar murhu don ya yi ƙarfi. A taimaka mini. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin mu je ko'ina, ki bar zuba tokar nan daga yau. Ita nake zargi.

Rododendiron ƙasa mai tsami yake so, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 4.5 da 5.5 ko kusa da haka; hawan lambar kuwa alamar raguwar tsami ce. Toka kuwa tsamin take kashewa, kamar yadda farar ƙasa ke yi. Da zarar tsamin ya ragu, sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasar sai ya ƙi narkewa, saiwa ta kasa jan sa, alhali yana nan jibge. Ki tsinko sabon ganye ɗaya ki ɗaga shi a haske. In kika ga jijiyoyinsa kore shar, tsakaninsu kuma rawaya, to magana ta ƙare, rashin sinadarin ƙarfen ne. Ki kai ƙasar a auna, ofisoshin malaman gona na jami'o'in jihohi suna wannan aikin. In pH ya haura 6, a barbaɗa garin farar wuta kaɗan-kaɗan, a yi haƙuri, don sai ya ɗauki watanni kafin a ga canji.

Naɗewar ganye da hunturu kuwa, kwantar da hankalinki. Irin da ya cika dazukan yankinku, Rhododendron maximum, ɗan asalin tsaunukan Afalashiya na gabashin Amurka ne, shi ne ma furen da jiharku ta ɗauka a matsayin alamarta tun 1903. Ɗabi'arsa ce idan sanyi ya kai na daskarar da ruwa ya sunkuyar da ganye ya nannaɗe shi, gari na yin ɗumi ya ware abinsa. Abin tsoro shi ne ya naɗe a lokacin zafi. Nan ko dai ƙishi ne, ko saiwa ta fara ruɓewa.

Saiwar nan ita ce inda masu dashe da yawa ke faɗuwa. Siririya ce ƙwarai, kuma a sama-sama take shimfiɗe, ba ta nutsewa. Wanda ya haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai laka ya cusa shukar, tukunyar ruwa ya yi mata, a nan ƙwayar cutar Phytophthora ke samun shiga. Ki tone gindin da yatsa. Ya kamata ki tarar da saiwa nan take. In ta yi nisa, ki ɗago shukar a kaka ko farkon bazara, ki zaunar da ita ta ɗan ɗara ƙasar da ke kewaye da ita tudu. Sannan ki rufe wurin da busasshen ganyen da itatuwan kurmin suka zubar, kaurin santimita 5 zuwa 8, ban da jikin gindin. Kada fartanya ta kusanci wurin, da hannu za ki riƙa cire ciyawa.

Batun fure, ni dai ba na ɗaga hankali a kan shukar shekara biyu. In irin na yankinku kika dasa, ba ya gaggawa, kuma sai wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli yake buɗe furensa fari mai ratsin ruwan hoda. Yana jure inuwa fiye da yawancin 'yan'uwansa, amma a duhun kurmi ganye kawai zai yi ta yi. Ki sa a rage 'yan rassan itacen da ke samansa, haske ya riƙa ratsowa. In za ki datse shi, ki yi da zarar fure ya kaɗe, domin tohon furen baɗi tun ƙarshen lokacin zafi yake fitowa. Barewa ma kan cinye tohon da hunturu, don haka ragar waya za ta yi amfani.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: ganyensa da furensa duk suna da guba. Ki ja wa yara kunne, kuma kada akuya, doki ko kare su samu damar taunarsa.