Banki ya ɗauke mota ya kuma sa bashin cikin asara: da sauran biya?

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce ya ci bashin banki ya sayi motar ɗaukar kaya, ciniki ya ja baya har ya kasa biya, banki ya ɗauke motar ya yi gwanjonta. Daga baya wani ma'aikacin bankin ya shaida masa cewa an sa bashin cikin asara, amma yanzu ga wani kamfanin karɓar bashi yana damunsa da waya, yana neman naira miliyan 2. Yana so ya san ko da haƙƙinsu a kansa.

Alhaji, gaskiyar magana ita ce bashin yana nan a wuyanka. Idan banki ya sa bashi cikin asara, gyaran littafinsa kawai ya yi, domin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ba ta yarda ya ci gaba da lissafa kuɗin da aka daɗe ba a biya ba kamar yana hannu. Wannan ba yafiya ba ce, kuma bankin yana da ikon bin kuɗinsa da kansa ko ya wakilta wani. Ɗauke motar ma bai rufe maganar ba. Misali, idan ana binka miliyan 6, aka sayar da motar miliyan 4.5, ragowar miliyan 1.5 da kuɗin gwanjo suna kanka, kamar yadda rarar za ta zama taka da an sayar da ita sama da bashin.

Sai dai ban ba ka shawarar ka biya ko sisi a kan maganar waya ba. Ka rubuta wa bankin takarda, ka nemi cikakken bayanin asusun bashin, da ranar da aka sayar da motar, da farashinta, da duk abin da aka cire. A nan ne ake yawan cutar 'yan kasuwa, domin motar da ta yi watanni a ajiye cikin ruwan saman Legas, tayoyi sun sace, batir ya mutu, takan tafi a farashin banza, sannan a ɗora wa mai bashi kuɗin ajiya da tara a kan tara. Dokar jinginar kadarori masu motsi ta 2017 ta wajabta a sanar da kai kafin a sayar. Idan ba a yi ba, ko aka karyar da motar, kana da hujjar ja da lissafinsu. Shi ma kamfanin da ke kiranka ya nuna maka takardar da banki ya wakilta shi.

Ka kuma duba irin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Idan haya ce da sharaɗin mallaka bayan kammala biya, dokar irin wannan haya ta 1965 ta ce wanda ya biya kashi uku cikin biyar na farashin mota ba a raba shi da ita sai ta hanyar kotu. Wannan kaɗai ya isa ka kai wa lauya takardunka.

Yin shiru yana da tsada. Tun watan Agusta na 2020, banki yana iya bin lambar BVN ɗinka ya ciri kuɗinsa daga asusunka na wani banki, matuƙar ka sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar bashin, kuma galibi yana cikin takardun da ake miƙo wa mutum ya sa hannu cikin gaggawa. Sunanka yana wurin kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, wanda kuma ya tsaya maka shi ma za a iya waiwayarsa. A gefe guda, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, don haka barazanar kulle ka kada ta firgita ka. A Legas wa'adin kai ƙarar irin wannan bashi shekara 6 ne, kuma biyan wani ɓangare ko amincewa da bashin a rubuce yana sabunta wa'adin, amma ni ban ga hikimar ɗan kasuwa mai neman jari gobe ya zauna yana ƙirga shekaru ba.

Abin da na fi so ka yi shi ne sulhu. Bankin da ya riga ya lissafa kuɗi a asara yakan sauƙaƙa, musamman a kan tara da kuɗin ruwa, idan ya ga kuɗi a ƙasa. Ka yi musu tayin abin da za ka iya biya lokaci guda, ka karɓi takardar amincewarsu kafin ka tura, ka biya cikin asusun bankin kai tsaye, sannan ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai, a kuma gyara sunanka. Idan bankin ya yi biris da kai har mako biyu, ka kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.