Ga sabon hedimasta da ya tarar da malaman da suka girme shi

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Ka ce an tura ka hedimasta wata firamare, ka tarar yawancin malaman sun girme ka a shekaru da aiki, mataimakin da ka samu kuma shi kowa ya zaci za a ba kujerar. Yanzu gaisuwa ma sama-sama ake yi maka, kana neman yadda za su yarda da kai. Na daɗe a kan irin wannan kujera kafin in yi ritaya, to ga abin da na gani.

Jawabin ranar taron farko ba zai tsinana maka komai ba, sun ji irinsa a bakin waɗanda suka gabace ka. Abin da suka zuba wa ido shi ne hannunka: yadda za ka yi da kuɗi, da yadda za ka raba ɗan abin da ke zuwa da alawus.

Kuɗin firamare ba wani yawa gare shi ba, amma shi ke zubar da mutuncin hedimasta. Tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, saboda haka duk sisin da aka karɓa a hannun iyaye, ko na alli ne ko na buga takardun jarrabawa, akwai mai jiran ya ce ka ci. Ni ban taɓa bari kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ya kwana a aljihuna ba. Ma'aji daban, littafi daban, sa hannu mutum biyu, sannan ƙarshen zango a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban malamai da 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Har kuɗin ƙusa da na gyaran ƙofar banɗaki a faɗa. Za ka ga wasu na hamma, kar ka damu. Wanda ke hamma ɗin shi zai kare ka a majalisar shayi idan an tayar da zancenka.

Sai maganar bita. Duk lokacin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ko ofishin sakataren ilimi suka ce a turo malami biyu ko uku horo, ka sani makaranta gaba ɗaya ta kasa kunne, domin akwai kuɗin mota da na abinci, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. Hedimastoci da yawa sunansu suke fara rubutawa, sai na 'yan gaban goshinsu. Ka yi jerin sunaye, ka manna a ofis, a riƙa bi layi. In bitar ta lissafi ce dole mai koyar da lissafi ya je, to ka faɗi dalili a fili kafin a tafi, ba bayan an dawo ba.

Littafin sa hannun zuwa aiki kuwa, kar ka ja jan layin makara a kan kowa sai kowa ya shaida ka riga shi zuwa. Ka kuma ɗauki darasi a jadawali, ko aji ɗaya ne, a gan ka da alli a hannu. Malamin da ya shekara talatin yana fama da yara fiye da kima a aji ba zai ɗauki gyara daga wanda ke zaune ƙarƙashin fanka ba.

Dattawan nan, musamman waɗanda suka fara aiki da tsohuwar shaidar malanta ta Gired Tu kafin NCE, ta kwalejin ilimi, ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, wataƙila ka fi su takarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suka san gidan da ke cire yara da damina a tafi gona, da mai unguwar da za a bi ta hannunsa in 'yan mata sun daina zuwa saboda talla. Ka tambaye su, kuma in ka yi aiki da shawarar mutum ka ambaci sunansa a taro. Kar ka ƙudurta cewa sun kusa tafiya ka huta. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki, inda jiha ta fara aiki da ita kuna tare ba yau ba gobe ba.

Akwai waɗanda za su riga kowa zuwa ofishinka da labarin wane ya ce, wance ta yi. Ka saurara, ka yi godiya, kar ka gina komai a kai. Haka suka yi wa na gabanka.

Ranar da jami'an duba makarantu suka zo suka kama malami babu shirin darasi, kar ka taya su faɗa a gaban yara. Ka ce laifin makarantarka ne, za a gyara. In sun tafi ka kira shi ku biyu, ka gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Kwiri, wato takardar tuhuma, sai an yi magana ta baki ya ƙi ji.

Shi kuma mataimaki, ka taka har gidansa bayan la'asar, ba ka kira shi ofis ba. Ka ce masa, "Baba, ban nemi a tsallake ka ba, kuma ba zan iya aikin nan ba sai da kai." Ka damƙa masa aiki na gaske, kamar jadawali da jarrabawa, kar ka riƙa warware abin da ya ƙulla a bayan idonsa. Nawa ya yi kusan zango guda yana amsa mini da "to" kawai kafin ya sake. Idan naka ya wuce haka har ya fara zuga malamai, ka sami sakataren ilimi kai kaɗai ka nemi a sauya masa makaranta cikin mutunci, kar ka rubuta ƙararsa.