Amsa ga mai jegon da ta yi tambaya kan kumburi da kunun kanwa

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, barka da arziki, Allah Ya raya. Kin ce yau kwananki 12 da haihuwa, ƙafafu sun kumbura, da dare numfashi na yi miki wuya, Hajiya uwar maigidanki kuma ta ce sanyi ne ya shige ki, a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu. Don Allah kada ki jira arba'in, kada ma ki jira gobe. A kai ki asibiti yau.

A jikina na gani. Haihuwata ta uku gida na tafi wanka, Ƙauran Namoda. Inna da kanta take yi mini, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya safe da yamma, ina fitowa ga kwanon kunun kanwa na jirana. Ba don ƙi ta yi ba, haka ita ma aka yi mata. Wajen mako na uku na daina iya kwanciya rigingine, sai in jingina da filo in kwana a zaune, ga tarin dare, daga ɗaki zuwa bayi ina haki. Zoben hannuna ma ya ƙi fita. Ana ta turare da rubutu, sai da yayana ya zo ya gan ni, bai ce uffan ba ya sa ni mota sai Gusau.

Da aka yi hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ya ce kanwa da gishiri ɗanjuma ne da ɗanjummai, duk suna riƙe ruwa a jiki, ga zafin ruwan wanka yana ƙara wa zuciya aiki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura masu jego a ƙasar Hausa na yawan kamuwa da wannan ciwon. Na daɗe ina shan magani, har da na fitar da ruwa, kuma ya gargaɗe ni da kakkausar murya kan sake ɗaukar ciki da wuri.

Ban ce naki irin nawa ba ne, ni ba likita ba ce. Hawan jini ma yana tasowa bayan haihuwa, in awo ya kai 140/90 ba abin wasa ba ne, balle in da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, don jijjiga na iya biyo baya. Ƙarancin jini shi ma yana sa haki. Awo ne kaɗai zai raba gardama.

Batun Hajiya kuwa, kada ki ja da ita, ba za ki yi nasara ba. Ki sa maigida ya roƙe ta ta raka ki, ta ji daga bakin likita. Inna tun da ta ji da kunnenta ita ce ke hana a sa wa ƙannena kanwa. Haihuwa biyu na yi bayan nan, wankana da ruwan ɗumi, kunun gyaɗa da na tsamiya, ga zogale da hanta da wake, kuma ruwan nono bai taɓa yanke mini ba. In kin dawo ki sanar da mu abin da awo ya nuna.