Amsa: Fadar Osaka ko ta Himeji?

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyu gare ka a birnin Osaka na Japan, kana tambaya ko fadar garin ta isa. Ni dai in da hali, ka tafi Himeji. Hasumiyar Osaka da siminti aka sake gina ta a 1931, har da lif a ciki. Gidan tarihi ne kawai sanye da tsohuwar riga.

Fadar Himeji kuwa tana cikin fadoji 12 na Japan da hasumiyarsu ta asali ke tsaye har yau. An kammala ta a 1609, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993. Daga tashar Shin-Osaka, tafiyar kusan rabin awa ce a shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun gaske, kana fitowa tashar Himeji za ka hango fadar fara fat a ƙarshen titi.

A ƙofa za a ba ka leda ka sa takalmanka, ka riƙe abinka. Ka sa safa mai kauri, katakon akwai sanyi da hunturu. Matakalan a tsaye suke ƙyam, ga ƙunci, kana hawa kana sunkuyar da kai kada katakon sama ya buge ka. In da dattijo mai ciwon gwiwa za ku je, ya tsaya a farfajiya.

Farkon Afrilu cunkoso ake yi saboda furen sakura, sai ka yi sammako.